Kai Ƙasa

Shekara goma sha ɗaya ina gaida gari da tafin ƙafa.
Kafin mai madara ya kaɗa ƙararrawar kekensa a layinmu na Pune,
kafin hankaka ya sauka kan tankin ruwa,
na sarƙe yatsu, na kafa tsakar kaina a bargo,
na miƙa dugadugai can inda fanka ke juyi.
Daga ƙasa komai da wata fuskarsa:
ƙafafun kujera sun zama ƙahoni,
ga ƙurar da tsintsiya ta manta.

Sai ciki ya zo.

Wata uku ban fasa ba. A na huɗu na matsa jikin bango.
Malama Sharayu ta zagaya ni, hannu a baya.
Ba ta ce bari ba. Ta ce,
"Jikinki ya san hanya, amma an ƙara masa kaya.
Jaki ma in an sauya masa mangala, sai ya sake koyon taku."
Ta nuna Ketaki da haɓa, sabuwar zuwa, cikinta wata biyar,
wadda ba ta taɓa kifa kai ba tun da aka haife ta:
"Waccan ko kusa. Ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo."

A wata na shida, wata Talata, ruwa na dukan taga,
na ɗaga ƙafa ɗaya, na ɗaga ta biyu,
sai ɗakin ya karkace.
Tsakiyata ta yi ƙaura ba ta sanar da ni ba.
Ƙugu ya saki kamar igiyar da ta sha ruwa,
kunnuwa suka yi shuu,
gwiwata ta daki bango, kofin shayi ya tuntsire.
Ban faɗi ba. Saura ƙiris.
Amma ƙiris ɗin nan ya kwana a gefena, ido biyu, har asuba.

Likita Parvaneh ta naɗa min robar awo a damtse,
ta matsa, ta saurara, ta sake matsawa,
sannan ta zare tabarau.
"Jininki ya hau.
Ba na gaba da yoga, kakata ta yi ta har furfura.
Sai dai jiri ba ya sallama,
gaɓoɓinki sun yi laushi suna shirin haihuwa,
kuma in kin faɗi, mutum biyu ne suka faɗi."

Na yi kuka a cikin keke mai ƙafa uku.
Omkar ya ɗauka don jaririn ne. Rabi don shi ne.
Rabin kuwa ban faɗa masa ba.

Yanzu a aji, sauran suna reto a igiyoyin bango kamar jemagu,
ni ina ƙasa kamar kabewa,
matasai uku a bayana, sangalali a kan kujera.
Ba na daɗewa.
Da numfashi ya yi nauyi sai in mirgina hagu,
in ƙirga tsagar da ke cikin siminti.
Sharayu takan wuce, ta taɓa goshina da yatsa biyu,
ba ta cewa komai.

Jiya aka shafa min mai mai sanyi a ciki,
hoto ya fito a allo, toka-toka kamar hadari.
"Kin gani? Ya juya," in ji Parvaneh.
"Kai ƙasa, ƙafa sama. Haka ake so."
Ga dugadugansa biyu sun tokare min haƙarƙari.

Na yi dariya har hoton ya girgiza.
Ashe ba a fasa ba a gidan nan,
karɓa ta aka yi.
Ba bango, ba bargo, ba malama,
tun kafin mai madara, har bayan an kashe fitila.

Riƙe, ɗan ƙarami. Kada ka yi sauri.
Numfashin ka bar mini, zan ja mana mu biyu.
Ran da ka sauko,
in jiki ya haɗu, in likita ta gyaɗa kai,
sai ka kwanta a bargon nan ka kalli tafin ƙafata.